Na Je Kiran Yaya Sale, Na Ƙare a Cinikin Jirgi

Tun da na dawo ba ku bar ni na huta ba. Wannan ta tare ni a ƙofar Islamiyya, waccan ta kira ni a waya, wata ma har wurin bandar kifi ta biyo ni, hayaƙi yana cin idonta tana cewa, "Hajiya Rabi, yaya Jidda? An ce yayanki ya zama babban mutum." To bari in faɗa sau ɗaya kowa ta ji. Umra dai na yi, alhamdu lillahi, wannan kuwa tsakanina da Ubangijina ne. Amma in labarin zinare da turare kuke jira, ku nemi wata. Ni da ɓacin rai na dawo, har yau kuma bai gama sauka ba.

Ga wadda ba ta san gidanmu ba, mu uku ne muka rayu a ɗakin Inna. Yaya Sale ne babba, sai ni, sai autanmu Nura. Yaya Sale ya tafi Saudiyya tun ina amarya, yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Tun yana hawa rufin gidajen mutane da jakar kayan aiki, har Allah Ya buɗa masa ya zama mai ma'aikata. Zuwansa Yauri na ƙarshe, ɗiyata ta fari tana goye a bayana. Yanzu ita ma goyo take yi. Nura kuwa ruwa ne ya ci shi ranar wata kasuwa, a jirgin da aka yi wa lodin mutane da buhuna da babura har bakinsa yana shan ruwa. Yaya Sale bai zo gaisuwa ba. Ya ce takardunsa suna hannun kafili, wato Balaraben da yake zaune a ƙarƙashin sunansa.

Inna ta tsufa, yanar ido ta fara rufe mata gani. Ana gobe zan tashi ta kira ni ɗakinta, ta kama hannuna ta ce, "Ki ce wa yaron nan ya zo in gan shi tun ina gani. Ba aike nake so ba, ba hoto ba. Shi nake so." Sannan ta sa na zaɓo masa bandar giwan ruwa mai kyau, ta shafa ta da hannunta ɗaya bayan ɗaya, ta ce tun yana yaro ba ya cin tuwo sai da ita.

Hanyar Abuja ba sai na ba ku labari ba. Kafin Kontagora ƙuguna ya riga ya gama magana. Bayan Tegina taya ta fashe, direban ya buɗe bayan mota sai ga shi tayar da ya ajiye ta fi wadda ta fashe tsufa. Muka zauna a gindin bishiya muna zarar ido, kowa yana kallon daji yana karanta abin da ya sawwaƙa. Wani ɗan boko da ke kusa da ni kuwa tun daga tasha yake toshe hanci saboda jakar kifina. Da yunwa ta yi yunwa a gindin bishiyar nan, shi ne ya fara tambayata ko na sayarwa ne. Na ce aike ne, ya ci haƙuri.

A filin jirgin Jidda ne na fara sanin na bar gida. Na yi lalle ja har gaɓar yatsu don in shiga ƙasa mai tsarki da kwalliyata, ashe na jawo wa kaina. Na'urar ɗaukar zanen yatsa ta ƙi ni. Saurayin da ke bayan gilashi sai cewa yake, "Marra tanya," wai in sake. Na sake, na sake, ya miƙo mini wani ruwa mai sanyi na goge, na sake. Layin da ke bayana ya yi tsawo, ana ta tsaki da harsuna iri-iri. Da ƙyar wani ɗan yatsa ɗaya ya cece ni. Ina murna na tsira, sai aka ware jakata. Wani ma'aikaci ya zuge ta, ya ɗaga ledar kifin da yatsa biyu kamar ya ɗauko mushen ɓera, ya ce, "Mamnu'u," wai an hana. Na yi Hausa, na yi ɗan Larabcin Islamiyya, na nuna sama na nuna ƙirjina. Ya jefa ta a kwandon shara ya kira na gaba. Wata mai shara, 'yar Chadi, ta matso ta ce mini da Hausa, "Yi haƙuri, uwata. Nan in sun ce halas, nufinsu magana ta ƙare." Kifin da Inna ta shafa da hannunta ke nan.

Bayan mun gama Makka da Madina, 'yan tawagarmu suka shiga kasuwa, ni kuma na ce sauran kwanakina a gidan ɗan'uwana zan yi su. Ya zo ɗaukata a inda motarmu ta sauke mu. Da ƙyar na gane shi. Ya yi ƙiba, gemu ya yi fari, yana cikin farar jallabiya kamar ɗan ƙasa. Ina ganinsa hawaye suka zubo mini. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Rabi, kin girma. Yalla, shiga mota, an hana tsayawa a nan." Ku da kuka san gaisuwar Yauri, mutum ya dawo daga Zuru ma sai an tambayi gajiya da hanya da ruwa da mutanen can. Ni da na ƙetaro duniya, yana juya mota yana kallon madubi ya ce, "Ya Inna?" Kafin in amsa wayarsa ta yi ƙara.

Gidansa yana Bani Malik, a saman wani bene. Unguwa ce cunkus da mutane, amma har na taho ban ga fuskar maƙwabcinsa na ƙofa da ƙofa ba. Kowa ya shiga ya ja ƙofa. Kyanwoyi ne kawai suke zumunci a matakala. A waje zafi da gumi kamar an kifa maka tukunya, a ciki sanyi har sai da mura ta kama ni. Matarsa Hadiza, 'yar Damagaram, mutuniyar kirki ce, ba ni da abin cewa a kanta. Da safe ta kawo mini dafaffen wake da aka dama da mai, da wani faffaɗan burodi mai zafi da suke kira tamis. Da rana shinkafa ce da kaza, gobe kaza da shinkafa. Da ta ga ina tsakura, sai ta buɗe abin da take kira firigo ta ciro kuka da daddawa ta ce, "Bon, Hajiya, yau tuwo za mu yi." Allah Ya saka mata. 'Ya'yansu suna jin Hausa amma da Larabci suke amsawa. Sai su dube ni su ce, "Amma," in yi shiru ina jiran su ƙarasa maganar. Ashe gwaggo suke nufi.

Saƙon Inna kuwa ya zame mini ƙaya a maƙogwaro. In na ce, "Yaya, akwai magana," sai ya ce, "Ba'dain, Rabi, in na dawo," wato sai an jima. In ya dawo ya gaji. In ya huta waya ta kira. Rannan da safe sai ya ce in shirya, zai kai ni in ga wani abu. Na ce a raina yau dai za a zauna. Na sa mayafina mai kyau, na yi ta jera kalmomin Inna a zuciyata.

A hanya muka tsaya muka ɗauki abokinsa Abu Nawaf. Baƙin mutum ne dogo, haifaffen Jidda, ɗan ƙasa, amma asalinsa Bahaushe ne. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, ya gauraya ta da Larabci. Ya leƙo ya ce, "Sannu ya Hajja, kin zo lafiya? Yau za ki taya mu zaɓe, ku ne ahalul bahar, mutanen ruwa."

Na ce, "Zaɓen me?"

Yaya Sale ya yi dariya ya ce, "Jirgi za mu saya."

"Na kamun kifi?"

"Na shan iska. Juma'a bayan an sauko masallaci mu ɗan shiga teku."

Sun haɗa hannu ne su biyu, takardun jirgin za su fita da sunan Abu Nawaf. 

Wurin wani makeken zaure ne na gilashi, jirage farare tas a jere a kan tayoyi, ko ɗigon ruwa babu a kusa da su. Mai sayarwa ya tarbe mu da gahawa da dabino. Gahawar ba baƙa ba ce, ruwan ɗorawa ce mai ɗaci. Ina shanyewa yana ƙara mini, ina shanyewa don kunya yana ƙarawa, sai da Abu Nawaf ya raɗa mini in girgiza ɗan kofin, shi ne alamar na ƙoshi.

Nan suka kafa gardama. Abu Nawaf buɗaɗɗen jirgi yake so, mai fili, wanda mutum zai zagaya da ƙugiyarsa ta kowane gefe. Yaya Sale kuwa mai ɗaki yake so, da ɗan gado da banɗaki da wurin dafa shayi, wai don in an fita da iyali mata su sami inda za su sake. Abu Nawaf ya ce, "Ya akhi, gida za ka saya ko jirgi?" Suka koma kan inji. Akwai wanda ake ratayawa a baya irin na jiragenmu na Yauri, sai dai nasu ya kai ɗan maraƙi. Akwai wanda yake ɓoye a cikin cikin jirgin. Mai sayarwa ya ce na ratayawa ya fi sauƙin gyara, kuma ana ɗaga shi daga ruwa in an dawo, don gishirin tekun nan ba ya barin ƙarfe. Na ciki ya fi natsuwa a kan igiyar ruwa, amma in ya lalace sai makaniki ya shiga rami da kansa. Yaya Sale yana shafa kujerun fata yana gyaɗa kai. Rabon da in ga fuskarsa ta yi haske haka tun muna yara.

Sai mai sayarwar ya nuna wani ɗan allon ƙarfe da ke manne kusa da sitiyari. Abu Nawaf ya fassara mini. Wai adadin mutanen da jirgin zai ɗauka ne a rubuce, in ka ƙara ko da mutum ɗaya masu gadin teku za su dawo da kai. Ya ɗaga murfin wata kujera, sai ga rigunan nan masu hana nutsewa a jere, kowa da tasa, har da 'yan ƙanana na yara. Na tsaya ina kallonsu. Jirgin da ya kife da Nura bai fi wannan faɗi ba, kuma a cikinsa babu riga ko ɗaya. Na juya na fita waje na zauna a kan dakali cikin zafin nan.

Abu Nawaf ne ya biyo ni da gorar ruwa, ba yayana ba. Ya tsuguna nesa kaɗan ya ce, "Ya Hajja, Haɗeja tana da nisa da garinku?" Na ce da nisa sosai. Ya ce kakansa daga can ya fito da ƙafa, yana tafiya yana noma a hanya, har ya kai bakin tekun nan ta ɓangaren Sudan, ya ƙetare a jirgin katako. "Ni ban taɓa ganin ƙasar Hausa ba, wallah. Kakata tana cewa akwai gulbi, akwai tsuntsaye. Kullum ina ce wa Sale ya kai ni, yana cewa ba'dain." Na ce masa, "Ashe kai ma ka sha ba'dain ɗin." Ya yi dariya, bai san inda na dosa ba.

Da la'asar ɗin ranar ina zaune da Hadiza tana nuna mini hotuna a wayarta. Sai ga Yaya Sale a kan raƙumi, ga yara, ga wasu manyan duwatsu masu tsini a bayansu. Na ce ina ne nan. Ta ce, "Misira ce, bara da hutun yara."

Na ce, "Da waɗanne takardun?"

Ta ɗago ta dube ni.

"Na ce da waɗanne takardun ya fita? Ba suna hannun kafili ba?"

Ta kife wayar a cinyarta. Can ta ce, "Hajiya, wannan an daɗe da daidaita shi. Yanzu a waya ma ake cire izinin fita. Don Allah kada ki ce ni na faɗa." Na tashi na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada yara su ji ni. Shekara da shekaru ina tsaye gaban Inna ina kare shi, ina cewa ƙasar mutane ce, ba a fita yadda ake so. Ashe ƙarya nake tallatawa ban sani ba.

Daga ranar na ɗaura ɗamara. Na ce duk inda ya sa ƙafa zan sa, har sai ya ji saƙon nan. Haka na zama 'yar rakiyar cinikin jirgi. Da suka ga sabo ya yi musu nauyi sai suka koma neman na hannu. Muka yi ta zagaya filayen da ake jibge tsofaffin jirage a wajen gari. Wani cikinsa duk ya yi bororo kamar wanda wuta ta ƙona, Abu Nawaf ya ƙwanƙwasa da makulli ya ce ruwa ya shiga jikinsa. Wani muna buɗe ɗakinsa warin ruɓa ya koro mu. Wani kuma kyanwa ce ta haihu a kan gadon, ta yakushi Abu Nawaf a hannu, yana ta salati yana neman magani. Ga kuma gardamar inda za a ajiye shi, a bar shi a ruwa ana biyan haya, ko a riƙa jan sa da mota zuwa gida. Na ce, "Yaya, a Bani Malik ɗin da kake zagaye unguwa kafin ka sami inda za ka ajiye motarka?" Ya ce ba a tambaye ni ba. A mota in na fara, sai ya ƙara muryar rediyo. A wurin cin abinci sai ya cika mini faranti da tsiren da suke kira siriya, ya ce in ci in ji ko ya kai na gida. Bai kai ba.

Ana saura kaɗan in tashi, wani dillali ya kira su ya ce ya samo musu wanda ba za su tsallake ba, mai ɗaki, mai injin ciki, su zo Abhur a gwada shi a ruwa. Abhur wani hannun teku ne da ya shigo cikin ƙasa a arewacin gari, nan ƙananan jirage suke kwana. Yaya Sale ya ce in zauna a gida. Ya san tun rasuwar Nura ban sake taka jirgin ruwa ba, ni da sana'ata kifi ce, a bakin gaɓa nake tsayawa a kawo mini. Na ce zan je. Ya dube ni ya ce, "Ɗayyib," wato to, shi ke nan.

Aka rubuta sunayenmu a wurin masu gadi, aka ɗaura mini rigar hana nutsewa har wuya. Na taka 'yar gadar katako na shiga. Na zauna na riƙe ƙarfe da hannu biyu ina karanta duk abin da na haddace. Cikin hannun tekun lafiya lau muka tafi. Muna fita fili sai ruwa ya canza launi, ya yi shuɗi mai duhu, jirgin ya fara hawa yana sauka. Dillalin ya ƙara wuta don ya burge su, Abu Nawaf yana ta "ma sha Allah." Gari ya koma ɗan siriri a bayanmu. Sai wani abu ya fara kuka ƙyi-ƙyi-ƙyi, wari ya taso kamar na ƙonanniyar roba, injin ya yi tari ya mutu.

Dillalin ya ce, "Ma fi mushkila," wai babu matsala. Ya murɗa makulli, shiru. Ya ɗaga murfin ramin injin, tururi ya buge shi. Ya ciro waya ya fara kiran wanda zai zo ya ja mu. Shi da Abu Nawaf suka duƙa a kan ramin suna ta musu da Larabci. Jirgin da ba ya tafiya kuwa ya fi mai tafiya rawa. Na waiga sai na ga Yaya Sale ya koma gaba ya zauna, fuskarsa ta yi toka-toka, yana haɗiyar yawu. Ɗan Yauri, wanda ya yi wayo a bakin kogi, jiri ya kama shi.

Na saki ƙarfen nan, na ja jiki da gindi har inda yake. Babu rediyo, babu ƙofa, babu inda za shi.

Na ce, "Yaya, Inna ta ce ka zo ta gan ka tun tana gani. Ta ce ba aike take so ba, ba hoto ba."

Ya rufe ido ya ce, "Rabi, ba yanzu ba."

"Yanzu ne. Ka je Misira ka hau raƙumi. Yauri ce ta yi maka nisa?"

Ya buɗe idon. Ya ce, "Ni ma mutum ne. Tun ina saurayi nake kan rufin mutane, rana tana dafa ni. Ban taɓa saya wa kaina abin da ba dole ba sai wannan. Akwai abin da Inna ta nema ban aika ba?"

"Ka sayi jirgi goma, ba kuɗinka na zo ƙirgawa ba. Uwarka tana lalube kafin ta sami butarta. In na shiga ɗakinta sai na yi magana take gane ni."

"Kullum ina kiran ta."

"Murya ce ta haife ka?"

Ya yunƙura zai amsa sai amai ya taso masa. Ya leƙa bakin jirgi, igiyar ruwa ta ɗaga mu, saura ƙiris ya tafi da ka. Na cafke bayan rigarsa da hannu biyu na riƙe. Yana amai ina riƙe da shi ina faɗa. Na gaya masa yadda aka yi ta neman gawar Nura, yadda Inna ta zauna a bakin gaɓa ta ƙi tashi, yadda duk motar da ta tsaya a ƙofar gida a kwanakin zaman makoki sai ta ɗaga kai. Ban rage masa komai ba.

Da ya samu kansa ya zauna yana haki. Ya goge baki ya ce a hankali, "A waya muryarta ba ta tsufa ba, Rabi. In na je zan gan ta yadda kika ce. Kuma ba zan iya kallon kogin nan ba."

Na ce, "Kogi ba ka iya kallo, amma kana iya sayen teku. Mu da muke kallonsa kullum mun mutu ne?"

 Na waiga na ga Abu Nawaf ya daina musu da dillali, ya sunkuyar da kai. Ashe Hausarsa ta isa ya ji duka.

Wani jirgin masunta ne ya zo ya ɗaura mana igiya ya ja mu kamar akuya. Muna isa gaɓa dillalin yana cewa ƙaramar matsala ce, wata 'yar roba ce ta famfon ruwa. Abu Nawaf ya ce masa, "Halas, Allah Ya ba ka wani mai saye." A mota Yaya Sale bai kunna rediyo ba. Ni kuwa har na fara jin sanyi a raina, na ce maganar ta shiga.

Ranar tafiyata, a hanyar filin jirgi, sai ya karkata mota zuwa zauren gilashin nan na farko. Sun daidaita a kan wani sabo ƙarami, mai ɗan ɗaki a gaba da fili a baya, da injin ratayawa. Ya ja ni zuwa gefensa yana murmushi kamar yaron da ya ci jarrabawa. A jikin jirgin, da manyan baƙaƙe shuɗɗa, na Larabci da na boko, an liƙa Hauwa'u. Sunan Inna.

Ya ce, "Ɗauki hoto ki nuna mata. Ki ce mata bayan Sallah in sha Allahu, in aiki ya yi sauƙi."

Na ce, "Wace Sallar?"

Ya ce, "Yalla, za ki makara."

Abu Nawaf, da muka tarar a wurin, ya ba ni kwalin dabino ya ce in kai wa Inna, in ce daga ɗanta na Haɗeja. Ya ƙi haɗa ido da abokinsa.

Na iso Yauri da hantsi. Ban ko cire mayafi ba na shiga ɗakin Inna. Ta ji muryata ta miƙo hannu, muka gaisa, ta tambayi Ka'aba, ta tambayi Madina, ta sha zamzam ta shafa a ido. Sannan ta ce, "Yaushe zai zo?"

Duk tsawon hanya ina shirya ƙaryar da zan yi mata. Da na ga fuskarta sai na ji na gaji da wannan aikin. Na ce, "Inna, bai sa rana ba. Ya sayi jirgin ruwa na shan iska, ya rubuta sunanki a jikinsa." Na kai mata wayar dab da ido. Ta daɗe tana kallo, ban san abin da ta iya gani ba.

Ta ce, "Sunana na yanka?"

Na ce shi.

Ta ce, "Danna mini abin maganar nan." Na danna wurin naɗar murya, na kara mata a baki.  Ta ce, "Ka kankare sunana daga jikin abin nan. Wanda ya mutu ake rubuta sunansa a jikin abu don a tuna da shi. Ni ina nan da raina a Yauri, ƙofar gidan tana inda ka bar ta."

Na tura masa. Alama ta nuna ya saurara, bai amsa ba. Ranar Juma'ar da ta biyo sai ga hoto ya shigo wayata, babu ko kalma ɗaya a ƙarƙashinsa. Jirgin ne a kan ruwa, gefensa fari fat, sai ɗan tabon inda baƙaƙen suka zauna. Na gaya wa Inna. Ta gyaɗa kai, ta ce a miƙo mata carbinta.

Biyayya kam ya yi. Zuwa ne har yau bai yi ba.